Tushe ɗaya, gini da yawa: yadda ake yi wa foldar manhaja inuwa da mahaɗai

Matashin da ke koyon rubuta manhaja a cikin birnin Kano, ko ɗalibin Jami'ar Bayero ne ko mai koyo da kansa a soron gidansu a Yakasai ko Mandawari, yawanci da kwamfuta ta hannu yake aiki, irin wadda ake saya a titin Beirut, ma'adanarta ba ta da yalwa, data kuma da kuɗi ake sayenta. Duk da haka idan ka buɗe foldar aikinsa sai ka tarar da aiki ɗaya an kwafe shi sau huɗu ko biyar: allo, allo-sabo, allo-na-pi, allo-na-ƙarshe. Cin wuri ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce ranar da ya gyara kuskure a kwafi ɗaya ya manta da sauran, har a wayi gari shi kansa bai san wanne ne na gaskiya ba.

Masu aiki da Unix sun daɗe da maganin wannan. Ana barin tushen manhaja a wuri ɗaya tak, sannan a gina masa inuwa: foldoji na gaske masu sunaye da tsari irin na tushen, amma kowane fayil da ke cikinsu mahaɗi ne da ke nuni zuwa ga na asali. A cikin inuwar ake harhaɗawa, a nan tarkacen gini ke zuba, tushen kuma ya zauna tsaf.

## Mene ne mahaɗi

Abin da masu sana'ar ke kira simlink ɗan ƙaramin fayil ne wanda babu komai a cikinsa sai adireshin wani fayil. Idan manhaja ta buɗe shi, tsarin kwamfutar ne ke karanta adireshin ya wuce da ita zuwa ga fayil na gaskiya, ba tare da ta sani ba. A Unix, ya fara bayyana ne a BSD, na Jami'ar California da ke Berkeley, a farkon shekarun 1980, yau kuma yana cikin Linux da macOS da Android. Ana yin sa da umarnin `ln -s`, a fara da abin da ake nufa, a biyo da sunan mahaɗin:

    ln -s ../allo/Makefile Makefile

A tsarin ext4 da yawancin Linux ke amfani da shi, idan adireshin bai kai haruffa 60 ba, ana ajiye shi a cikin rajistar fayil ɗin kanta, ba ya cin ko gurbi ɗaya na bayit 4096 da ƙaramin fayil kan ci. Shi ya sa inuwar aiki mai fayiloli dubbai ba ta cin wuri sai na foldojinta.

Adireshin iri biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatancen gida a cikin gari ya san su. Kana iya ce masa ya shigo ta Ƙofar Nassarawa, ya miƙe har Gidan Makama, daga nan ka ci gaba da lissafa masa lunguna. Wannan kwatance yana aiki ko daga ina ya taso. Kana kuma iya ce masa daga nan inda muke tsaye, koma baya lungu ɗaya, gida na uku. Wannan ba ya aiki sai daga wurin da aka faɗe shi. Na farko shi ne cikakken adireshi, mai farawa daga saiwa, kamar `/home/dalibi/aiki/allo/Makefile`. Na biyu shi ne adireshin kusa, kamar `../allo/Makefile`. Cikakke yana jure a ɗauke inuwar a kai ta wani wuri, amma yana karyewa idan tushen ya matsa ko sunan mai kwamfutar ya canza. Na kusa yana jure a kwashe tushe da inuwa tare a kai su wata kwamfuta, muddin suna maƙwabtaka kamar da. Ga aikin da za a riƙa yawo da shi, na kusa ya fi.

Me ya hana a yi mahaɗi ɗaya kawai zuwa foldar gaba ɗaya? Domin duk abin da ka rubuta a cikin irin wannan folda, a cikin tushen ya sauka. Sirrin inuwa shi ne foldojinta nata ne, fayilolin ne kaɗai na aro.

## Aikin da za mu yi misali da shi

A ɗauka ka rubuta manhaja da harshen C wadda ke lissafa lokutan salla tana nuna su a allon masallaci. Tana zaune a `~/aiki/allo`, da Makefile a sama da foldar `src` mai ɗauke da `lokaci.c` da `nuni.c` da `saiti.h`. Kana son gini biyu daga gare ta: ɗaya na kwamfutarka mai ƙwaƙwalwar Intel ko AMD don gwaji, ɗaya na Raspberry Pi mai ƙwaƙwalwar ARM wanda za a maƙala a bayan allon. Makefile ɗin kuma irin na da ne, yana zubar da fayilolin `.o` a gefen na `.c`. Idan ka yi ginin biyu a folda ɗaya, tarkacen wannan zai gauraya da na wancan.

Kafin komai, share tushen:

    cd ~/aiki/allo
    make clean

Kada ka tsallake wannan. Idan akwai tsohon `lokaci.o` a tushen, inuwar za ta yi masa mahaɗi kamar kowane fayil, `make` kuma zai gan shi ya ɗauka an riga an harhaɗa. Sai a ƙarshen ginin Pi a yi ƙoƙarin ɗinke fayil na Intel da na ARM, aikin ya tsaya da ƙorafin cewa sigar fayil ɗin ba daidai ba ce.

## Hanya ta farko: lndir

An ƙirƙiri `lndir` ne musamman don wannan aiki. Ya fito daga masu kula da tsarin tagogi na X, wanda aka fara a MIT ta Amurka, siga ta 11 kuma ta fito a 1987. Su ma matsalarsu ke nan: tushe ɗaya mai girma, injina iri-iri, ma'adana mai tsada. A Debian da Ubuntu yana cikin ƙunshin `xutils-dev`.

    sudo apt install xutils-dev
    mkdir ~/aiki/gini-pi
    cd ~/aiki/gini-pi
    lndir ../allo

Zai riƙa buga sunan kowace folda yana shiga. Idan ba ka son surutun, ƙara `-silent`. Yanzu duba abin da ya yi da `ls -l . src`. Za ka ga `src` folda ce ta gaske, layinta ya fara da `d`, sauran layukan kuma sun fara da `l`, kowanne da kibiya a ƙarshe:

    Makefile -> ../allo/Makefile
    lokaci.c -> ../../allo/src/lokaci.c

Lura da yadda ya ƙara `../` ɗaya da ya sauka cikin `src`. Da yake adireshin kusa ka ba shi, na kusa ya yi maka har ƙasa. Abin kiyayewa ɗaya: idan ka rubuta sunan inuwar a matsayin kalma ta biyu maimakon ka shiga cikinta, `lndir` yana auna adireshin tushen ne daga inuwar, ba daga inda kake tsaye ba. Shiga foldar tukuna ya fi sauƙi. Da kansa yake tsallake foldojin tarihin aiki irin su CVS da RCS da `.svn`, sabbin sigoginsa har da `.git`, da kuma fayilolin da sunansu ya ƙare da `~`.

Sai gini. Bayan ka saka ƙunshin `gcc-aarch64-linux-gnu`:

    make CC=aarch64-linux-gnu-gcc

Ka sake yin wata inuwar mai suna `gini-pc`, ka buga `make` kawai a cikinta. Daga yau, idan ka gyara `lokaci.c` a tushen, kowace inuwa za ta gani nan take, domin `make` yana duba lokacin da aka taɓa fayil na gaskiya ne, ba na mahaɗin ba, ya sake harhaɗa abin da ya canza kaɗai.

## Hanya ta biyu: cp

Idan babu data ko babu hanyar saka sabon ƙunshi, `cp` na GNU da ke cikin yawancin Linux yana yin aikin:

    mkdir ~/aiki/gini-pi
    cp -rs ~/aiki/allo/. ~/aiki/gini-pi/

Harafin `r` na nufin a bi foldoji har ƙasa, `s` kuma a yi mahaɗi maimakon kwafi. Tarko biyu ne a nan. Na farko, dole adireshin tushen ya zama cikakke. Idan ka rubuta `../allo`, zai ƙi, ya ce ba ya yin mahaɗin kusa sai a foldar da ake tsaye. Alamar `~` ta wadatar, tunda tana buɗewa ta zama cikakken adireshi. Na biyu shi ne ɗigon da ke bayan `allo/`. In ka manta da shi, kuma foldar `gini-pi` tana nan, za ka sami `gini-pi/allo` a ciki maimakon kayan tushen kai tsaye.

`cp` ba ya tsallake komai, har `.git` zai yi wa inuwa. Cire ta da `rm -rf ~/aiki/gini-pi/.git`. Wannan ba ya taɓa tarihin aikinka, domin `rm` mahaɗin yake gogewa, ba ya bin sa. Amma ka karanta layin sau biyu kafin ka danna, ka tabbata `gini-pi` ka rubuta ba `allo` ba.

## Hanya ta uku: find da ln

Wanda ke son mahaɗan kusa, kuma yana son ya zaɓi abin da zai shiga inuwar, sai ya yi da hannu, layi biyu:

    cd ~/aiki/allo
    find . -name .git -prune -o -type d -exec mkdir -p ../gini-pi/{} \;
    find . -name .git -prune -o -type f -exec ln -sr {} ../gini-pi/{} \;

Layin farko yana gina foldojin, na biyu yana cika su. Harafin `r` a `ln -sr` shi ke lissafa adireshin kusa da kansa. Ya shigo ne a coreutils 8.16 a 2012, saboda haka `ln` na macOS da na ƙananan na'urori masu BusyBox ba lallai su san shi ba. Idan fayilolin C kawai kake so, ƙara `-name '*.[ch]'` bayan `-type f`.

Akwai kuma GNU Stow, wanda aka rubuta da Perl. Asalin aikinsa jera manhajoji a `/usr/local`, amma yana yin inuwa idan ka ba shi `--no-folding`. In ba ka ba shi ba, duk inda ya ga foldar ba ta nan sai ya yi mata mahaɗi ɗaya dunƙule, abin da muke gudu ke nan.

## Canza fayil ɗaya a inuwa ɗaya

Nan ne inuwa ta fi amfani, nan ne kuma ta fi cizo. A ce wani masallaci a Sakkwato ya nemi allon. Komai ɗaya ne sai `saiti.h`, inda aka rubuta matsayin gari. Kano tana wajen digiri 12.0 arewa da 8.5 gabas, Sakkwato kuma wajen 13.1 arewa da 5.2 gabas. Rana tana cin minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya, don haka zawali a Sakkwato yana zuwa kimanin minti 13 bayan na Kano.

Ka yi inuwa mai suna `gini-sakkwato`. Idan ka buɗe `src/saiti.h` a cikinta da nano ko Vim ka canza lambobin ka adana, ba na Sakkwato ka gyara ba, na tushen ka gyara, domin editan ya bi mahaɗin. Ginin Kano na gaba zai fito da lokutan Sakkwato, allon masallacin unguwarku ya riƙa nuna azahar a makare, babu kuma wani saƙon kuskure da zai faɗakar da kai. Hanyar da ta dace ita ce a fara yanke mahaɗin, a ajiye kwafi na gaske a gurbinsa:

    cd ~/aiki/gini-sakkwato/src
    rm saiti.h
    cp ../../allo/src/saiti.h .

Yanzu gyara shi yadda kake so. Da `lokaci.c` ya ce `#include "saiti.h"`, gcc yana fara dubawa a foldar da aka kira fayil ɗin daga cikinta, wato ta inuwar, sai ya ɗauki na Sakkwato. Ka sabar wa kanka da buga `ls -l` kafin ka buɗe kowane fayil a inuwa: in da kibiya, na kowa ne, in babu, na nan ne.

Akwai kuma akasin haka. Umarnin `sed -i` ba ya rubutu ta cikin mahaɗi. Sabon fayil yake yi ya ɗora a kan sunan, sai mahaɗin ya koma fayil na gaske a ɓoye, ya daina ganin gyaran da ake yi a tushen. Idan tushen kake nufi, ƙara `--follow-symlinks`, ko ka je tushen ka yi gyaran a can. Haka ma `patch`: a tushe ake gudanar da shi. Shi kuwa `chmod` yana bin mahaɗi, izinin fayil na asali yake canzawa.

Don ganin abin da inuwa ta mallaka na kanta, buga `make clean` sannan `find . -type f`. Duk sunan da ya fito fayil ne na gaske. Idan ka ga wanda ba ka san da shi ba, wani umarni ne ya yanke mahaɗinsa. Fayilolin musamman irin su `saiti.h` kuwa ka ajiye kwafinsu a cikin Git, misali a foldar `garuruwa/sakkwato` a tushen, ka mai da na inuwar mahaɗi zuwa can. Ta haka inuwar ba ta riƙe da komai da za a yi kukan rashinsa.

## Kula da inuwa

Gyaran fayil yana isa inuwa da kansa, amma sabon fayil ba ya isa. In ka ƙara `hijira.c` a tushen, koma inuwar ka sake buga `lndir ../allo`, zai ƙara sabon, ba zai taɓa fayilolinka na musamman ba, sai dai ya yi ƙorafin cewa suna nan. Da `cp`, ƙara `n` ya zama `cp -rsn` don kada ya taɓa abin da ya tarar.

Fayil ɗin da aka goge ko aka canza wa suna a tushen yana barin mahaɗi mai nuni zuwa babu. `ls` yana nuna sunan, yawanci da ja, amma buɗe shi sai a ce babu fayil ɗin. GNU find yana zaƙulo su:

    find . -xtype l
    find . -xtype l -delete

Fara da layin farko ka karanta jerin. Idan duk mahaɗan ne suka fito, ba goge fayiloli aka yi ba, tushen ne ya matsa. Sai ka share su duka da `find . -type l -delete` ka sake yin inuwar. Idan kana son sanin inda wani mahaɗi ya ƙare, `readlink -f sunansa` zai faɗa maka. Saƙon da ke cewa matakan mahaɗi sun yi yawa kuma alama ce ta zagaye, wannan na nuna wancan, wancan na nuna wannan. Linux yana bin mahaɗi 40 a jere ne kafin ya haƙura.

## Inda dabarar ba ta ci

Filashin da ake yawo da shi tsakanin shagon buga takardu da gida yawanci FAT32 ne ko exFAT, kuma duka biyun ba su san mahaɗi ba. Haka ma ma'adanar waya ta gama-gari: mai koyo da Termux a Android zai iya yin inuwa a cikin gidan Termux, amma ba a foldar Download ba. A Windows, NTFS yana da mahaɗi, umarnin `mklink` kuma yana nan tun Vista, sai dai yana neman izinin shugaban kwamfuta, ko a kunna yanayin masu gina manhaja da Windows 10 ta sauƙaƙa a 2017. Mai amfani da WSL gara ya ajiye aikinsa a ɓangaren Linux, ba a `/mnt/c` ba.

Wajen aika wa wani, ka san abin da kake aikawa. `tar` da `rsync -a` mahaɗan suke ɗauka yadda suke, wanda ya karɓa kuma ya tarar da kibiyoyi marasa gida. `tar -h` da `rsync -aL` su ne ke bin kowane mahaɗi su ɗauko abin da ke ƙarshensa. `zip` yana bi da kansa sai in ka hana shi da `-y`. Git kuwa adireshin kawai yake adanawa, saboda haka ba a saka inuwa a Git. Tushe ake sakawa, da ɗan rubutun da ke sake gina inuwar.

Babban shingen yana ga harsunan da ba a harhaɗa su. A PHP, `__DIR__` yana ba da foldar fayil na gaskiya bayan an warware mahaɗi. Idan `index.php` mahaɗi ne kuma ya kira `saiti.php` ta wannan hanya, na tushen zai ɗauko, ya bar wanda ka ajiye a inuwar. Python ma yana warware mahaɗin fayil ɗin da aka tayar kafin ya san inda zai nemi 'yan'uwansa. Node.js haka yake, sai an ba shi `--preserve-symlinks` da `--preserve-symlinks-main`. Don haka mai manhajar makaranta ko ta shago da ke son ba kowane abokin ciniki saitinsa, gara ya sa manhajar ta karanta saitin daga wani adireshi da ake faɗa mata lokacin tashi. Idan kuma Apache ne ke raba shafukan, sai an kunna `FollowSymLinks` kafin ya yarda ya bi mahaɗi.

Wasu kan yi amfani da `cp -al`, mai ba fayil ɗaya suna biyu maimakon kwatance. Yana da sauri, amma ba ya ƙetare ma'adana zuwa wata, kuma `ls -l` ba ya nuna kibiya, don haka ranar da edita ya raba sunayen biyu ba za ka gani ba.

## Kafin ka fara, duba ko akwai buƙata

Yawancin manhajojin zamani sun riga sun san yadda ake gini a wajen tushe. Da CMake, `cmake -S allo -B gini-pi` ya wadatar. Meson ma ba ya yarda a yi gini a cikin tushe sam. Ayyukan da ke da `configure` na GNU galibi suna yarda ka kira shi daga wata folda, kernel na Linux kuma yana karɓar `make O=` da adireshin inda kake so tarkacen ya zuba. Idan kuma abin da kake so shi ne reshe biyu na aiki a buɗe lokaci ɗaya, `git worktree`, wanda ya zo da Git 2.5 a 2015, shi ne kayan aikin, ba inuwa ba.

Inuwa ta mahaɗai tana da wurinta a inda waɗannan suka gaza: tsohon Makefile da ba ka son taɓawa, tushen wani da aka ba ka izinin karantawa kawai, kwamfutar ɗakin gwaji da ɗalibai da yawa za su harhaɗa aiki ɗaya kowa a foldarsa, ko gini da yawa da bambancinsu fayil ɗaya ne ko biyu. In ka zaɓe ta, ƙara mata kariya ɗaya: bayan ka gama gyara a tushe, buga `chmod -R a-w ~/aiki/allo`, ka buɗe shi da `chmod -R u+w` sai lokacin da gyaran tushen kake nufi da gangan. Edita da ya bi mahaɗi bisa kuskure zai tarar da fayil a kulle ya tambaye ka tukuna. Sannan ka rubuta umarnan gina inuwar a ɗan fayil guda, ka gwada shi ta hanyar goge `gini-pi` gaba ɗaya ka sake tayar da ita. Idan ta dawo ta harhaɗu ba tare da ka nemi komai ba, tsarin ya zauna.